Watan Malam Sahu

Sunansa Sahu. Ran da aka faɗa mana a bakin famfo
Hammadikko ya ce, to na gaba ne ko na baya?
Muka yi dariya har ruwa ya cika tulu ya zube.
Mutumin da bai taɓa shiga sahu ba,
ya zo Dadin Kowa auna ruwan dam,
ni kuwa ina kai wa gidansa kayan lambu.

Yana da wani littafi, takardarsa sirara kamar ɓawon albasa,
haruffan duk masu zagayayyen kai,
kamar ƙore da aka kife a rana bayan wanke-wanke.
Daga Odisha ake aiko masa, shekara-shekara.
Panjika, in ji shi.
A ciki aka rubuta ran da tukunya za ta hau wuta
da ran da za ta kwana a kife.

Goma sha ɗaya ga wata ba a cin shinkafa,
in yana girma sau ɗaya, in yana raguwa sau ɗaya.
Minati, matarsa, ta amshi ayaba da gwanda,
ta mayar mini da sauran cikin kwando.
Akwai watan da albasa ma ba ta ƙetare dokin ƙofa.
Na yi asara, na yi shiru, na koya.

Ya ce watansu yana ƙarewa ne daren da ya cika.
Na ce namu sai ya ɓace muke sallamarsa.
Ya ce wa ke sallamar baƙo bayan ya rame?
Na ce wa ke korarsa yana tsakiyar hira?
Ba wanda ya kayar da wani. Muka sha shayi.

Sai wata shekara littafin bai zo ba.
Ya je gidan waya a Gombe sau uku, ya dawo hannu biyu.
Ranar na ga babban mutum ya rasa kwanan wata,
yana duban sama kamar mai neman akuyarsa.
Da magariba ya tsaya a bakin lambuna, takalmi duk laka:
Malam, yau nawa ga wata?
Na ce tara, da idona na ga tsayuwarsa.
Ya ƙirga a yatsu, ya ƙara biyu a kan nawa,
ya ce to yau na ci abin da bai kamata ba.
Ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba.

Shekara guda ni ne littafinsa.
Ina azumin fararen kwanaki, shi ya riga ni sauke nasa,
yunwarmu tana bin juna kamar rani da bazara.

Da kaka, daren da wata ya cika, suka roƙi ɓawon itacen ayaba.
Kafin assalatu na same su a bakin ruwa,
sun yi ɗan jirgi, bai fi tafin hannuna biyu ba,
sun ɗora masa fitila da ganye.
Minati ta ce kakanninsu fatake ne na teku,
haka ake raka wanda ya yi nisa.
Ban taɓa jirgin ba. Na dai riƙe musu tocila
har wutar ta zama ɗigo, ta sha kwana.
Na wuce masallaci.

Sun tafi tuntuni. Gidan yanzu ofis ne.
Tsohon littafin yana cikin adakata, ba na iya karanta ko harafi.
Amma in wata ya kwana tara, aka ajiye mini shinkafa,
hannuna yakan ɗan tsaya a bakin kwano.
Sai in yi bisimilla, in ci.