Na Arba'in da Huɗu

Takarda tamanin da bakwai na raba,
daga Kara har Shagon Goro:
nawa kake samu a wata,
kuma sana'ar nan za ta kai baɗi?

Gida biyar na zana musu,
daga "sam" zuwa "ƙwarai".
Haliru majemi ya dubi gidajen,
hannunsa na warin bagaruwa,
ya ce, "Ɗiyata, ina gidan 'sai yadda Allah yay yi'?"
Na sa shi a na uku.
Har yau ban san ko na zalunce shi ba.

Da dare fanka ta tsaya,
na zuba lambobi da ragowar caji.
A aji an ce mana jama'a kan taru kamar tsibin gero,
tudu a tsakiya, gefe da gefe su gangara daidai.
Nawa sun ƙi yin tsibi.
Sun kwanta ƙasa kamar Rima da bazara,
sai Alhaji Arzika can nesa shi kaɗai
da tirelolin albasa goma sha ɗaya,
yana jan rabon kowa sama.
Lissafi ya ce Inno Kulu mai ƙuli-ƙuli
tana kwana da dubu ɗari huɗu,
Inno Kulun da ta ranci kuɗin gyaɗa a gabana.

Sai na ajiye mudu, na koma jeri.
Ban ƙara tambayar nawa ba,
sai wa ke gaban wa.
Kowa ya shiga sahu,
Alhaji ya zama na tamanin da bakwai,
taku ɗaya tak gaban mai shagon taya.

Na ware masu hasken rana da masu janareta,
na tara matsayin kowane ɓangare.
Akwai tazara.
In da a ce duk ɗaya suke,
sau uku cikin ɗari kawai za a ga irinta.
Na rubuta haka, ban ƙara gishiri ba.

Da safe na nemi na tsakiya.
Tela ne, Modi, keke ɗaya, yara biyu masu koyo,
bashin zare a littafi.
Na ce, "Kai ne cibiyar kasuwar nan,
arba'in da uku na bayanka, arba'in da uku na gaba."
Bai ɗaga ƙafa daga keken ba.
Ya ciji zare, ya ce,
"To, mi aka ba na tsakiya?"