Sikelin Baraka

Asuba ta same mu a bakin tasha,
mu bakwai, kowa da gammonsa a hammata.
Kiyari jagora ya ɗaga jaka da hannu ɗaya,
ya ce, kilo ashirin ce.
Hannunsa ne sikeli. Wuyana ne shaida.

Mota ta sauke mu inda hanya ta gaji,
gindin duwatsun Kutus, gabas da Damagaram.
Baƙi huɗu, kowa da sanda biyu
da takalma masu haƙora.
Nawa na taya ne, Illa ya yanka mini a Kasuwar Dole,
igiyar hagu ta tsinke tun bara, waya ke riƙe da ita.

Ni ke ɗauke da ruwa.
Jarka biyu suna hira a bayana duk hawan,
ƙulun, ƙulun, kamar da ni suke.
Mai ɗaukar ruwa shi ke sha a ƙarshe,
bayan an wanke hannu, an dafa shayi,
an jiƙa ƙyalle an shafa a ƙeya.

Ba na ƙin baƙin nan.
Ɗayarsu ta tambayi sunana,
ta ce Nomau, ta sake, har bakinta ya iya.
Ta nuna mini hoton da ta ɗauka:
dutse, sama, shaho,
da wani tulin kaya mai ƙafafu biyu.
Na ƙura ido. Ashe ni ne.

Da dare tantuna huɗu suka yi haske.
Mu muka shiga tsagar dutse,
buhun gero fanko ne bargo,
garin rogo da ƙuli ne tuwo,
sanyi yana ƙirga mana haƙarƙari har safe.

Rana ta uku, a gangaren da ake bi da gwiwa,
tsakuwa ta gudu daga ƙarƙashin Tanimun.
Tukunyar gas ta ja shi.
Shekara goma sha tara yana hawan nan,
ya san kowane dutse kamar ɗakin uwarsa.
Idon sawunsa ya tashi kamar kwakwa.
Kiyari ya iso da gudu,
tukunyar ya fara dubawa.

Aka raba kayansa a kanmu.
A takarda aka rubuta masa kwana biyu,
wai na uku bai cika ba.
Muka sauko da shi a kan sanduna da zane.
Duk dakon da na yi a duniya
shi kaɗai ne kayan da ya ce mini sannu.

Ranar sallama baƙuwar ta miƙa ambulan,
ta zagaya yatsa, ta nuna mu duka.
Jika ɗai-ɗai ta iso hannunmu.
Ban san abin da ke ciki ba,
na dai ga kaurinta.

Baraka, matar Tanimun, gyaɗa take sayarwa.
Ba ta yi kuka ba. Ta ce, kawo jarkunan, ka cika su,
ka ɗora abin da kake ɗorawa.
Ta rataya a sikelinta mai ƙugiya.
Allura ta wuce ashirin ba ta ko gaisa ba,
ta wuce talatin,
ta tsaya a kan huɗu tana rawa.

Yau ma asuba ce, tashar nan ce.
Sikelin yana lilo a reshen aduwa.
Na ce, abin da ya hau kaina sai ya fara hawa nan,
wanda ya faɗi kuma, kwanansa ba ya faɗuwa.
Kiyari ya yi dariya: samari cike da tasha.
Ya waiwaya.
Samarin suna zaune a kan gammonsu,
jiya mun sha shayi tare a ƙofar Tanimun.

Baƙi suna duba agogo.
Ya dubi allura, ya dubi tulin da ya ragu a ƙasa,
ya yi tsaki,
ya tafi neman mutum na takwas.

Na duƙa ina ƙara murɗe wayar takalmina.