Wayar Doña Remigia

Rumfata ta gyaran waya taku uku ce da rabi,
a kasuwar Cochabamba, bayan masu dankali.
Nan Doña Remigia ta same ni ran Laraba,
ta kwance ƙullin da ta goya a baya,
ta ajiye min waya kamar mai ajiye ƙwai.

"Eusebio, ta zama jakin da ya ga gada.
In na taɓa sunan ɗana,
sai na auna wa mutum biyu wake
kafin ta buɗe baki."

Na leƙa cikinta.
Saƙo dubu arba'in da ɗaya da 'yan kai,
shekara shida ba a share ko wasali ba.
Zauren matan layin dankali kaɗai
ya cinye rabin rumbun:
farashin safe, farashin yamma,
hoton fure mai cewa barka da asuba
sau ɗari tara, furen kuwa ɗaya ne,
da rigimar wa ta zubar da ruwa a ƙofar wa.

Na ce, "Uwa, kaya sun fi ƙarfinta, sai an sauke."
Ta ce, "Sauke na matan.
Kullum muna tare, bakinsu ba ya neman caji."
Na danna. Waya ta shiga tunani,
'yar da'irar nan na juyawa, na juyawa,
har shayina ya huce.

Sai na kamfanin layi, sai na banki,
sai wani mai roƙon ƙuri'a tun zaɓen da aka manta.
Ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

Muka iso kan Wílmer,
wanda ke ɗinki a São Paulo.
Dubu tara. Yawancinsu "Kin ci abinci?"
da "Na turo, ki duba."
Ta ce ko ɗaya kar in taɓa.
Na ce rubutu ba shi da nauyi, hotuna ne dutsen,
bari in kwashe su a katin ajiya.
Ta karɓi katin, bai fi farcen jariri ba,
ta juya shi, ta rasa ma'ajinsa,
ta naɗe a takardar alewa, ta cusa cikin malfarta.

Can ƙasa akwai wani suna, Fermín.
Saƙon ƙarshe, shekara uku da wata biyu.
Ba yawa, sittin da biyu ne,
da murya guda ta daƙiƙa bakwai.
Yatsana ya goge ta bisa kuskure,
sai wani dattijo ya yi tari cikin rumfata,
ya ce, "Remi, na bar makulli a kan firji,
kar ki kulle ƙofa."

Ba ta tanka ba.
A waje wani na ta rantsuwa kan buhun albasa.
Na ce wannan bai kai nauyin fure ɗaya ba,
ko wayar da ta fi wannan tsufa za ta ɗauke shi.
Ta ce, "Na sani. Ai ba ita ke ɗauke da shi ba."

Yanzu sunan Wílmer na buɗewa kafin ƙiftawar ido.
Ta gwada sau uku, ta ɗan ɓata fuska:
"Dā, kafin ta buɗe, nakan shirya abin da zan ce masa."

Ta biya boliviano goma sha biyar,
ta ƙara min dankali huɗu,
ɗaya har ya fara tsiro.