Kwana Biyar a Gidan Wani

A garin da aka binne cibiyarmu
muka kama haya, kwana biyar.
Gidanmu na Sabon Gari an sayar tun bayan Baba,
yanzu batura ake jerawa
a ɗakin da aka haife ni.

Kefas ne ya samo wurin, a Bompai,
ya kasa kuɗin gida shida.
Briskila ta ce a rubuta mata
sai albashin Janairu. Aka rubuta.
Na auren Barnaba ma a rubuce yake.

Maigadi, Malam Sallau, ya miƙo makullai
da takarda mai doka goma sha ɗaya:
ban da ƙusa a bango,
ban da hura wuta a tsakar gida,
cokula sha biyu ne, a ƙirga.
Mu ashirin da uku ne, har da na goye.

Mama ta leƙa kicin ta fito,
ta ce wannan tukunyar shayin gwauro ce.
Daga motar Irimiya aka sauke tata
mai baƙin gindi,
da muciyar da ta girme mu duka.
Malam Sallau ya dubi duwatsu uku,
ya dubi takarda, ya dubi Mama,
ya ce akwai lungu kusa da janareta
inda ido ba ya kaiwa.

Daren farko ta ƙi katifa,
wai kamar mutum ya kwanta cikin kunu.
Ta shimfiɗa zane a ƙasa.
Can cikin dare na ji tafinta
yana laluben bango ta hagu,
inda makunnin fitila yake
a wani gida, ba wannan ba.

Bunsurun da aka sayo a 'Yan Awaki
ya kwana yana cin furannin mai gida.
Da sassafe Malam Sallau ya sa masa wuƙa,
don Mama ta ce naman da maƙwabci ba zai ci ba
bai kai na Kirsimeti ba.

Mun taso daga coci, yara da takalma a hannu.
Shinkafa ta nuna, an cika kwano tara.
Mama ta fita ƙofa, ta tsaya.
Katanga, waya, katanga,
kare yana haushi a bayan ƙarfe.
Wa za a kai wa?
Ko sunan mutum ɗaya ba ta sani ba.

Sai ta ɗaga wa A Daidaita hannu.
Ni ne ɗan riƙon kwanuka,
miya tana ɗiga a sabuwar shaddata.
Iya Mulika mai alale, ta tsufa, ta gane murya.
Hajiya Tasallah a Fagge ta ce,
tun hantsi nake cewa Afiniki ba za ta manta ba.
Na taran ta miƙa wa yaron shagon batura,
ta leƙa ta saman kafaɗarsa,
ta ce, au, sun sake fenti.
Ba ta ƙara ba har muka iso.

Kwanuka suka dawo da alkaki da goro.
Daren nan aka yi faɗan bara, aka shirya,
aka yi waƙa har janareta ya shanye mansa,
aka ci gaba cikin duhu.

Ranar tafiya, ƙirga.
Cokula sha ɗaya. Kofi ɗaya ya rasa hannu.
Furanni, Allah ya jiƙan rai.
A jikin ƙyaure tsawon jikoki takwas
da fensir, kowa da sunansa.
Rabin kuɗin jingina ya tafi.

Malam Sallau ya biyo mota da gudu:
ga muciya, ba ta cikin takarda.
Mama ta ce ajiye min, sai baɗi.
Kefas ya juya ya dubi Briskila.
Briskila tana kallon titi.