Raba Gari da Nono

Shekara talatin ina dama fura da nono,
bana cikina ya ce ba haka muka yi ba.
Ƙugi, kumburi, murɗa,
sahun Azahar ma sai na baya, kusa da ƙofa.

Likita a Murtala ta ce a huta da nono,
a gwada aya kaɗan, a saurari ciki.

Na auno mudu a Rimi.
Tasalla ta jiƙa, ta markaɗa,
ta tace da tsohon ɗankwali.
Fari tas, amma bai san saniya ba.

Da la'asar Daso ta sauke ƙwarya bakin shagona.
Na sayi fura zalla.
Ta dube ni,
ta mayar da faifai kan nononta.