Rairayin Ƙarƙashin Kujera

Ƙarfe biyar jirgin farko ke sauka a Plaisance,
ni kuwa tun huɗu ina bayan rumfa da bokiti da soso.
Motoci goma sha bakwai a jere,
farare duka, ban da wata ja mai tari da safe.

Sunana Dharmen. Ba ya cikin takardar haya.
Madam Josiane ce a kan kanta,
ita ke murmushi, ita ke karɓar katin banki,
ita ke zagaya mota da baƙo tana nuna ƙwarzane:
"Wannan tsoho ne, wannan ma tsoho ne, sa hannu a nan.
Hagu muke bi a tsibirin nan, yallaɓai, hagu.
In ka isa shataletale ka tuna da ni."

Sai su fito fari fat kamar rogon da aka ɓare,
su buɗe ƙofar da babu sitiyari,
su yi dariya, su zagayo.
Mai neman sigina ya kunna abin share gilashi,
rana tsaka, ba ko ɗigon ruwa,
mota na ɗaga wa gonakin rake hannu har ta ɓace.

Bayan mako su dawo jajir, hanci yana saɓa,
makulli a hannu, ido a agogo.
Ba sa kallona. Ban damu ba,
mota ce ke ba ni labari.

Farin rairayi mai laushin gari, sun kwana Belle Mare.
Jar laka a taya, sun ɓata a hanyar Chamarel
kuma na san wanda aka ɗora wa laifi.
Ƙwallon mangwaro an tsotse shi tas,
takalmin yaro ƙafa ɗaya,
ƙanshin man kwakwa da ya ƙi barin kujera.
Ran nan zobe na tsinta a wurin ajiye kofi.
Wata uku yana cikin aljihun tebur,
ba wanda ya buga waya ya tambaya.

Shekara tara ina share teku daga cikin motoci.
Da na tara yashin nan, da na yi gaɓar kaina.
Daga ƙofar gidanmu ana jin ƙarar igiyar ruwa in dare ya yi,
amma gani ba ci ba.
Sarojini, tun da gwiwarta ta ƙi,
iyakarta bakin murhu da inuwar gwanda.

Wata Talata ruwa ya kwana yana zuba,
jirage biyu suka fasa zuwa.
Madam Josiane ta jefo mini makullin jar:
"Kai wa bakanike a Mahébourg ya saurari tarin nan.
Kafin shida nake son ta."
Ba ta ce ta wace hanya ba.
Ni ma ban tambaya ba.

Sarojini ta fito da hannu duk ƙullun fulawa,
ta ce, "Ta wa ka sato?"
Na buɗe mata ƙofa irin yadda ake wa baƙi.
Ta zauna a ɗofane, ta ƙi jingina,
wai kada ta ɓata kujerar mutane.

A Blue Bay hadari ya yaye kaɗan.
Ba kowa sai kare da wani mai gyaran koma.
Ta dafa kafaɗata, taki ɗaya, taki biyu,
ruwa ya zo ya gaishe da idon sawunta.
Ta ce, "Ashe har yanzu da ɗumi."
Shi ke nan abin da ta ce.

Shida saura kwata na mayar da mota,
tarin yana nan, bakanike ya ce sai jibi.
Na ɗauko tsintsiya, na durƙusa kamar kullum,
na ɗaga shimfiɗar ƙafa ta gefen fasinja.

Ga shi nan, cikin tafi ɗaya, da ɗan danshi.

Na mayar da shimfiɗar yadda take.
Gobe wani zai sa hannu a takarda
cewa ya karɓi mota da tsabta.