Daren Kasala

Motar riɗi ta mutu mana a Kasala.
Bakanike ya ce sai jibi,
irin jibin nan da ba ya cikin kwanakin mako.
Na yi wanka, na sa rigar da ba ta san baƙin mai ba,
na ja yaron masauki gefe:
ina ake kashe dare a garin nan?
Na kwatanta masa kwalba da hannu.
Ya dubi hannun, ya dube ni,
ya yi dariya har da riƙe ƙofa.

Gambo mai keken haya ne ya ɗauke ni.
Kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙasa, za shi Makka,
ƙafa ta ƙare masa a nan.
Hausar Gambo ta girme shi da shekara ɗari,
yana min ciniki da bakin tsofaffin da na binne.

Gindin dutse ya kai ni.
Duwatsun nan sumul, kamar an kife tukwane an manta.
Wani tsakar gida, gadajen igiya, gawayi ja,
Hajja Baraka tana firfita gahawa a ɗan tulun ƙasa,
citta na cizon harshe, turare na shiga ido.
Na ce a ba ni mai ƙarfi.
Aka miƙo jan ruwa, aka ce karkade.
Na kurɓa.
Zoɓo!
Kwana goma sha ɗaya a hanya,
in zo in sha abin da Inna ke ƙullawa a leda.

Sai wani siririn mutum ya ajiye sandarsa,
wai da rana awo yake a kasuwar albasa.
Ya rungumi garaya mai tsirkiya biyar.
Ban ji kalma ɗaya ba,
amma waƙar ta bi hanyar da na sani,
ta ratsa ta bayan gidanmu,
ta tsaya inda rijiya take.

Wuta ta ɗauke. Babu wanda ya ce kash.

Na tashi da takardun kuɗi zan yi masa liƙi.
Gambo ya kama hannun rigata:
a nan ba a manna wa goshi,
ɗaga hannu za ka yi bisa kansa, ka kaɗa yatsu.
Na ɗaga. Yatsun direba ne, duk kanta,
suka ƙi yin ƙara.
Mai garaya ya yi murmushi bai buɗe ido ba,
kamar ya ji.

Kofi na huɗu Hajja ta hana ni,
ta ce baƙo ya bar wa gobe wani abu.

Na koma masauki gab da assalatu,
ban sha komai ba sai zoɓo da gahawa,
amma sau biyu ina ɓata ƙofa.
Yaron yana kan benci, ya ɗaga gira.
Na ce masa, in bakanike ya zo,
kada a tashe ni,
jibin nasa ya yi mini daidai.